Zoben Narmin Ya Koma Hagu

Narmin ta kasa zama, sai kai-kawo take a barandar wani asibiti a Iskandariyya. Likitoci biyar ne suka taru kan hoton huhun Hazim, saurayinta. Da ya fito, ya ƙi haɗa ido da ita.

"Bakinsu ya zo ɗaya," in ji shi. "Ciwon daji ne, yanzu ya fara, tiyata za su yi. Cire zoben, Narmin, kada in ɓata miki lokaci."

Ta zare zoben baikon daga hannun dama. Ya miƙo tafinsa don ya karɓa. Sai ta zura zoben a hagunta, hannun matan aure.

"Ka saurari mutum biyar, ni ba ka tambaye ni ba. Kira Baba, ku sa rana."