Gora Ɗaya a Kan Katanga

Likita ne ya gaya wa mai ɗinki cewa jininta ya hau, idan ba ta rage zaman keken ɗinki ta riƙa motsa jiki ba, to ta kuka da kanta. Shi ya sa ta shiga ƙungiyar matan unguwa masu gudun safe. Ita ce babba a cikinsu, ga jiki, don haka kullum ita ce ta ƙarshe. Suka sa mata suna Inna Kunkuru, ta karɓa tana dariya.

Ƙungiyar tana da doka ɗaya mai kyau. Kafin a fara gudu, kowace za ta ajiye gorar ruwanta a kan katangar makarantar da suke haɗuwa. Idan an dawo, kowace ta ɗauki tata da hannunta. Muddin akwai gora a kan katanga, to akwai wadda ba ta dawo ba, kuma ba mai tafiya gida sai an koma an taro ta. Har maigadin makarantar ya san dokar. Idan wani ya zo neman matarsa, katanga maigadin yake fara dubawa.

Da ƙungiya ta yi suna, sai hali ya canza. Aka yi riguna iri ɗaya, Inna Kunkuru ce ma ta ɗinka su. Wasu sai sun shafa hoda kafin su fito, wai gudu za su yi. Kalmar "'yar'uwa" ba ta fita daga bakinsu, amma jiran ta baya ya fara yi musu nauyi.

Ran nan suka dawo suna haki. Shugabarsu, wadda ake kira Barewa saboda saurinta, ta dubi katanga ta ga gora ɗaya. Ta ja tsaki.

"Tsohuwar nan kullum sai ta shanya mu a rana."

"Ni fa mai gyaran kai na jira na," in ji wata mai kanti.

Wata malamar makaranta ta ce a hankali, "Ko a koma a duba ta? Na ga tana dafe kai wajen kangon can."

"Ke da kika gani, ai ke ya kamata ki koma," in ji mai kanti.

"Ƙafata ta yi tsami," in ji malamar, ta sunkuya tana gyara igiyar takalminta.

Barewa ta ce, "Ku tsaya, abin ai mai sauƙi ne." Ta miƙa hannu ta ɗauki gorar ta jefa a jakarta. "Ga katanga nan fes. Doka ta ce kada a bar gora, ba mu bari ba. Da yamma na aika mata da abarta."

Suka kwashe da dariya, wai shugaba ta iya dabara. Kowace ta kama gabanta.

A daidai lokacin Inna Kunkuru tana kwance cikin ciyawa a bayan kangon, inda jiri ya kayar da ita. Bakinta ya karkace, tana son ta yi kira amma harshe ya ƙi. Duk da haka hankalinta bai tashi sosai ba. A ranta tana cewa, gorata tana kan katanga, yanzu za su zo.

Da hantsi ya yi ba ta koma gida ba, 'yarta ta nufi makarantar.

"Baba, Ummata ba ta dawo ba."

Maigadi ya leƙa katanga ya ce, "Kwantar da hankalinki, 'yata. Ba gora ko ɗaya, kowa ta dawo ke nan. Wataƙila ta biya kasuwa sayen zare."

Yarinya ta tafi kasuwa, daga can ta wuce gidan ƙanwar uwar, daga can gidan wata mai kawo ɗinki. Hanyar gudun ce kaɗai ba ta bi ba, don katanga ta riga ta ba da shaida. Sai da rana ta take tsaka wasu masu kwasar shara suka tsinci matar.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma irin wannan ciwon da gaggawa ake tarar sa. Da an kawo ta da wuri, da akwai fatan a ceci hannun da bakin.

Washegari 'yan ƙungiya suka cika ɗakin asibitin, kowace da fuskar tausayi kamar ta aro.

"Sannu, Inna," in ji Barewa. "Wallahi mun ɗauka kin wuce gida. Ke ma dai, da kika ji ba daɗi ai sai ki faɗa."

'Yar ta ɗago kai. "Da wane bakin za ta faɗa, Anti? Tambaya ɗaya gare ni. Ummata ba ta dawo ba, wa ya ɗauke gorarta?"

Malama ta dubi ƙasa, mai kanti ta dubi Barewa, Barewa ta dubi wayarta. Can wata ta ce, "Ƙaddara ce ai."

Yarinyar ta tashi ta buɗe musu ƙofa. "Ku tafi. Na san ba kwa son jira."

An sallamo Inna Kunkuru da hannun dama a mace. An lulluɓe kekenta da tsohon zane, abinci ma sai an ba ta a baki. Su kuwa har gobe suna fitowa gudu, suna kiran juna 'yar'uwa.

Mai karatu, zumunci ba riga iri ɗaya ba ne, ba kuma daɗin baki ba ne. Idan ba za ki iya komawa ki taro wadda ta rage a baya ba, kada ki sa ta dogara da ke, domin alkawarin da ba a cikawa ya fi rashinsa cutarwa.