Mai Digirin da Ya Koma wa Albasa

Ka ce abin da ya hana ka sukuni shi ne, ku da kuka fito jami'a rana ɗaya, wani yana ɗaukar ninkin albashinka sau goma. Ban ce ƙarya ka yi ba, ban kuma ce hakan adalci ne ba. Amma gyara zama, ɗana, in ba ka wani misali.

An yi wasu abokai biyu da suka shekara biyar a ɗaki ɗaya a jami'a, suna shan garin kwaki a kwano ɗaya. Ɗaya ya karanci aikin haƙar man fetur, ɗayan ya karanci noma. Na farkon tun bai gama hidimar ƙasa ba wani kamfani ya ɗauke shi. Na biyun sai da ya shekara biyu yana zaman jira, sannan aka ba shi aikin malamin gona a wani yanki da mutanensa ba su da abin dogaro sai noman albasa. Abin da abokinsa ke samu a wata, shi sai ya shekara bai gan shi ba. Da fari bai sa abin a ransa ba. Amma ranar da ya je walimar sabon gidan abokin, ya jingine tsohon babur ɗinsa a tsakanin manyan motoci, mai gadi ya dube shi ya ce 'yan aike ta baya suke bi. Nan abin ya soke shi, domin a makaranta shi ne ke koya wa abokin nan lissafi. Kafin damina ta faɗi ya ajiye aikinsa, ya roƙi abokin ya samo masa ko mene ne a kamfaninsu. Abokin mutumin kirki ne, ya yi ta faɗi-tashi har aka ba shi gurbi a sito, yana tsaron bututu da ƙarafuna. Albashi ya ninka uku. Ya yi ƙiba, ya ɗinka sutura, iyaye suka ga alheri. Sai dai kullum gari ya waye da ƙyar yake fita aiki, don duk abin da ya sani a duniya ba wanda ke bukatarsa a wurin.

Wata rana ya bi ta bayan ɗakin girki, ya tarar da matar da ke dafa wa ma'aikata abinci tsaye a kan ɗan tattasan da ta shuka, ganyen duk ya yi rawaya ya langaɓe. Bai san sa'ad da ya tsuguna ba, da farar rigarsa da komai. Ya tumɓuke guda, ya duba saiwar, ya murza ƙasar a tafinsa ya sansana. Ya gaya mata ruwa ne ke kwanciya a gindin shukar, ya nuna mata yadda za ta yi masa hanya ya riƙa wucewa. Bayan wata biyu ta kawo masa tattasai cike da kwano, ja wur, ta ce, "Malam, kai kuwa me ya kawo ka cikin ƙarafuna?" Tambayar nan ta bi shi har ƙarshen shekara, ya tattara ya koma yankin manoman albasar nan.

Ya daɗe da sanin ciwon mutanen yankin. Da an cire albasa sai su zubar da ita a kasuwa da arha, don in sun ajiye rabi ruɓewa take yi. Ya sayi gora da kara, ya kafa wata irin rumfa mai gado a sama da ƙasa, yadda iska za ta ratsa albasar ta kowane gefe. Aka yi ta dariya, wai mai digiri ya dawo ɗaurin jinka. Shekarar farko ma sai da wata ta ruɓe, don ya yi gaggawar shigar da ita tun wuyanta bai bushe ba. Ya gane kuskurensa ya gyara. Shekara ta biyu albasarsa ta kai ƙarshen damina garau, daidai lokacin da ake nemanta ido rufe. Masu dariyar jiya suka zo da kansu, yana kafa musu rumfuna yana koya musu, su kuma suna saka masa da wani abu daga amfanin. Yau ƙauyuka da dama sun ɗauka, har ya jawo wasu masu digirin noma da ke zaune ba aiki suna yi tare. Bai kamo abokinsa a dukiya ba, wataƙila kuma ba zai kamo shi ba har abada. Amma 'ya'yansa na makaranta, tukunyar gidansa ba ta kwana a kife, kuma in ya ratsa kasuwa dattawa ne ke miƙewa su ba shi tabarma.

Saboda haka, ɗana, nemi haƙƙinka, kada ka yi shiru a kansa. Amma kafin ka yar da abin da ka iya don hangen na wani, tuna abin da Hausawa suka ce: kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.