Dutsen Neman Lafiya

Nuala Gaughan tana gaba da sandarta, baƙon yana biye yana haki. Shekararta sittin da biyar, amma tsaunin nan na bakin teku ta san shi kamar ɗakin girkinta. Shi kuwa Desmond Tighe, mutumin Dublin, da takalmin ofis ya zo hawan dutse.

Jibi za a yi masa aikin zuciya, likitoci kuma ba su ba shi tabbaci ba. A mashayar ƙauyen ya ji labarin duwatsun da ke kan kabarin wani waliyyi, waɗanda ake juyawa a roƙi lafiya. Yana faɗin sunansa, Nuala ta ce ita za ta kai shi, ba ta son ko yuro ɗaya.

"Na taɓa zuwa nan da karena, shekara ashirin ke nan," in ji shi. "Ɗan banza, ina sakinsa ya fafari tumaki! Na sha dariya, na kama hanyar gida."

"Allah sarki," ta ce. "Taka a hankali, Mista Tighe, wurin nan ya taɓa cin mutum."

"Ina tumakin? Ban ga ko ɗaya ba."

"An daina kiwo."

Ya durƙusa gaban duwatsun, iska tana kaɗa rigarsa. Ya ɗora hannu a kansu, ya tambaye ta.

"Ta wane gefe?"

"Hagu, sau uku. Faɗi sunanka da na mahaifinka, kada a yi kuskuren mutum."

Ya juya su, ya faɗi sunayen, har da ƙwalla. Ita hannuwanta na cikin aljihu. Wani tsohon masunci da ya hango su ya cire hula, ya yi alamar gicciye, ya kau da kai. Desmond ya ji daɗin wannan girmamawa.

Bayan motarsa ta ɓace, Nuala ta wuce maƙabarta, wurin mijinta Festy, wanda ya faɗo daga tsaunin shekara ashirin da suka wuce, garin ceto tumakin da karen wani baƙo ya kora bakin rami.

"Na cika alkawarin da na yi wa Fada, limamin cocinmu," ta ce wa kabarin. "Ban taɓa duwatsun da hannuna ba."

A wannan gaɓar teku kowa ya sani, dama ake juyawa don lafiya. Hagu tsinuwa ce.