Ƙofar da ke Auna Kukan Yara

Tun da na ga 'yata Ladiyo ta yi lamo a bayan uwarta na san yau ba za mu wanye lafiya da ƙofar asibiti ba. Yanzu babu ma'aikaci a bakin shiga. Ƙofar ce ke sauraron kukan yaro, ta yanke ko ciwonsa ya isa a buɗe.

Ladiyo ba ta cika shekara biyu ba. Ta daina tafiya, ta ƙi zama, in an taɓa tsakiyar bayanta sai ta sandare. Amma ba ta kuka, sai nishi.

Ƙofar ta ce, "'Yarku lafiyarta ƙalau. Ku sauka lafiya."

Wata tsohuwa mai tallan garin barkono ta matso. "Ɗana, shafa mata kaɗan a ido. Kowa haka yake yi."

Matata Kande ta ce, "Malam, don Allah kar ka soma."

"To mu koma da ita haka?"

Na lakato da yatsa na shafa mata. Ladiyo ta tsandara ihu, ƙofar ta buɗe, ta tura mu sashen ido. Ɗakin cike yake da yara masu jajayen idanu, iyaye kowa ya sunkuyar da kai.

Na ce wa nas, "Bayanta ne ke ciwo."

"Baba, ido aka turo mana. Ciwon baya sai ku sake bin layi."

An wanke idon. Kande ta ƙi kallona. Har yanzu ba mu san abin da ke cin ƙashin bayan Ladiyo ba, ko za ta sake takawa.