Baƙar Fijo da Farar Fijo

Ƙawata Aishatu, matso kusa ki ji yadda Malam Tukur direba ya shafe damina guda yana gaba da mota.

Shekara uku bayan samun 'yancin kai, mota ɗaya ce a unguwarsu a Kudan, baƙar Fijo 403 ta Malam Tukur. Da ita yake jigilar mutane zuwa Makarfi da Ikara. Tun da ya saye ta a hannun wani Bature mai barin ƙasa, bai taɓa zama ko'ina a cikinta ba sai kujerar direba, kuma bai taɓa ba kowa ba. Ɗansa Sama'ila ya yi aure, ya yi lasin, amma wankin motar kawai aka yarje masa.

Sai idon Malam ya fara mutuwa. Kowa ya sani, shi kaɗai ya ƙi sani. Ranar da ya bi ta kan tabarmar da jikarsa Mero ta tashi daga kai yanzun nan, cewa ya yi laifin mai shimfiɗawa ne. Matarsa Bilki ta ɗauki tabarmar, ta daɗe tana kallon sawun taya.

Aka lallaɓa shi zuwa asibitin ido a Kano. Mako uku ya yi, likita ya ce an makara. Da ya dawo, abin da ya iya hange a ƙofar gida wani farin abu ne dishi-dishi. Sama'ila ya durƙusa ya ce ya sayar da tsohuwar, ya kawo sabuwar yayi, 404, irin ta manyan ma'aikata.

Malam ya san ta. Ya taɓa ganin ɗaya a Zariya lokacin yana gani, mai tsinin baya kamar kunnen jaki. Ya jefar da butar hannunsa.

"Wallahi tallahi hannuna ba zai taɓa sitiyarinta ba, ko murfinta!"

Bilki tana daga soro ta ce, "Malam, ka rantse fa."

Ya ce ya sani, kuma ya maimaita.

Daga ranar, in za a kai shi masallacin Juma'a, sai ya cusa hannuwa cikin riga, Sama'ila ya buɗe masa ƙofar baya. Tun daga gida har a dawo yana zaginta. Tsohuwar tana da kafaɗu zagaye kamar saniyar da ta ƙoshi, wannan kuwa gwangwani ce. Hon ɗin waccan yana tsayar da jaki daga nesa, na wannan kukan ɗan akuya. Kujerar waccan ta san bayansa, wannan warin leda take yi, ga santsi, ga jijjiga kamar an ɗora mutum a kan amalanke. Injin waccan tun daga Hunƙuyi ake jin sallamarsa, wannan shiru kamar ɓarawo.

Wata rana a tashar Makarfi yana cikin faɗan, abokinsa Mamuda direba ya leƙo ya ce, "Amma Tukur, ai wannan..." Sai tari ya sarƙe shi. Sama'ila ya ja shi gefe wai zai nuna masa taya. Malam ya ce ko Mamuda ma ya rasa abin yabo.

Fushin ya bar mota ya koma kan ɗa. Ya daina amsa gaisuwar Sama'ila. Ya daina cin tuwon da matar Sama'ila ta tuƙa. Ranar da aka ga watan babbar Sallah ya kira shi ya ce ko ya nemo baƙar motar kafin a hau Idi, ko ya nemi wani uban da zai sa masa albarka. Sama'ila ya fito yana share ido. Bilki ta ce masa ya yi haƙuri, sannan ta shiga ɗaki ta daɗe a kan sallaya.

Ana jibi Sallah suka tafi sayen rago, ruwa ya tsuge, fadamar da ke kan hanya ta cika da taɓo. Motar ta kafe. Sama'ila ya ba ta wuta, taya ta yi ta juyi a banza.

Malam ya daka tsawa daga baya, "Kai, ɗaga ƙafarka! Haka ake yi wa mota? Sa ta a giya ta biyu. Ja sitiyari hagu kaɗan, ka bar ta ta yi tunani."

Sama'ila ya bi. Motar ta yi nishi, ta karkata, ta fita sumul.

Suka wuce gonakin rake. Can Malam ya ce wannan halin a wurin tasa suka sato shi, amma ko rabinta ba ta kai ba. Da suka iso gida ya laluba ya dafa kan Sama'ila.

"Kai dai kana jin magana. Allah ya yi maka albarka. Ita kuwa ina nan a kan rantsuwata har in koma ga Allah."

Kuma yana nan a kai. Bai sake tuƙi ba, Mero ta shiga makaranta da ƙafafunta biyu, shi kuwa har gobe yana zaune a baya yana kewar baƙar Fijonsa.

Bilki da bakinta ta gaya mini, tana istigfari, cewa awarwaronta ta sayar ta biya kuɗin aikin. Don girman Allah, Aishatu, kada ki faɗa wa kowa: farin fenti ne, da sabon hon, da ledar kujera, da sabon salansa mai rage ƙarar inji, amma motar da yake zagi ita ce dai tasa ta da.