Sanda ta Goma Sha Biyar

Ruwa na tsuga a filin golf na bakin teku lokacin da Struan ya tarar da Ishbel jikin motarsa, rungume da jakar sandunansa. Ita ke ɗaukar masa jakar tun kafin ya saka mata zoben baiko.

Doka ta ce kada sanduna su wuce goma sha huɗu a jakar ɗan wasa. Yau alƙalin wasa ya ƙirga goma sha biyar, aka ci Struan tarar bugu biyu, da su ya rasa gurbinsa a gasar baɗi.

"Sandar ta marigayi babanka ce," ta ce. "Na saka ta ne don ya raka ka."

"Ya raka ni kuwa. Har gida."

"Ka yi mini faɗa mana, Struan! Ka zage ni!"

Ya kalle ta. Sannan ya cire hularsa ya miƙa mata hannu, yadda ake yi wa abokin karawa idan wasa ya ƙare.

"Ni ce fa, ba abokin karawa ba," ta ce a hankali.

"Sannu da ƙoƙari, Ishbel."

Ta sauke jakar cikin taɓo, ta kama hannun. Da ta saki, zoben na tafinsa.