Ranar da na wanke komar Baba

Babana manomi ne a Mai Wurno, amma kowace Juma'a bayan la'asar yakan saɓa komarsa ta kamun kifi ya gangara kogi, ko da kifi biyu zai samo. Da hannunsa ya saƙa ta. Ta yi ja wur, tana wani ƙamshi mai ɗaci, ni kuwa a zatona dauɗa ce.

Ina 'yar shekara tara na ce bari in burge shi. Yana gona na jiƙa ta a baho, na yi ta dirza da sabulu har ta yi fari, na shanya a kan katanga. Ban san da gangan yake rina ta da ruwan bagaruwa ba, don kada zaren ya ruɓe.

Da ya dawo ya tsaya a gabanta ya daɗe. Ya kai ta hanci ya shinshina.

"Mi kika yi mata, ɗiyata?"

"Na wanke maka, Baba."

Na tsaya ina jira, ko yabo ko bulala. Sai kawai ya naɗe ta a hankali ya ɗora mini a hannu.

"Halas, shi ke nan. Ta zama taki."

Ban sake ganinsa ya gangara kogi ba. Inna ta ce gwiwa ce ta hana shi, yayana ya ce ni ce.

Komar tana nan wurina a Sinnar. Duk shekara ina dafa bagaruwa in tsoma ta, ni da ban taɓa jefa ta a ruwa ba. Har yau ban sani ba: kyauta ya ba ni, ko hukunci?